Littafin da Gara Ta Rage

A ofishin hedimasta na tsinto shi,
ƙasan kwali, bayan buhun alli.
Gara ta ci sunan mai shi,
ta ci shafin farko da rabin na biyu,
ta bar mini kogi, da kwalekwale, da wani mutum.
Rubutu kuwa layi ɗaya a gindin kowane shafi,
kamar nama a miyar marowaci.

Na shiga da shi aji biyar bayan an dawo tara,
ajin masu tsiron gemu,
masu ajiye babur a gindin darbejiya.
Mudi ya fara: "Malam, rabin aji muka koma?"
Dariya ta tashi har kwanon rufi ya amsa.
Uwale ta toshe baki da gefen hijabi.
Ni dai na ɗaga shafi na yi gum,
zuciya tana ce mini, yau ka sayo raini da kuɗinka.

Can baya, jikin tagar da ba murfi,
inda Tasi'u ya yi zango uku bai ɗaga hannu ba,
Tasi'un da in an ce ya karanta sai tari ya sarƙe shi,
daga can na ji: "Wannan ƙarya ce."

Aji ya yi tsit.

"Ba haka ake riƙe filafili ba.
Mai zanen nan bai taɓa jiƙa wando ba.
Dubi ruwan, fes, ko kacalla ɗaya babu,
wannan ba kogin Auyo ba ne.
In ka jefa birgi kana tsaye a nan
kai za ka bi shi, tarwaɗa ta sha kallo."

Ban san lokacin da littafin ya bar hannuna ba.
Na dai ga kaina a kan benci,
gwiwata tana gugar teburin Mudi,
Tasi'u a gaban allo yana auna zurfi da kara.

Barira ce ta hango matar.
Ni da na juya shafukan nan sau uku daren jiya
ban gan ta ba: ga ta a bakin gaɓa, da tulu,
kowane shafi tana ƙara ƙanƙancewa,
a na tara ta zama ɗigo.
"Shi ke tafiya," in ji Barira, "ita ba ta motsa ba."
"Matarsa ce." "Uwarsa ce, dubi ɗaurin zanin."
"To me ya sa tulun bai cika ba?"
Mudi, mai rabin aji, ya buga tebur
ya rantse mutumin ba zai dawo ba,
ya ce a duba gajimaren shafi na bakwai.

Aka kaɗa ƙarfe. Ba wanda ya ji.
Malamin lissafi ya leƙo sau biyu
ya koma yana girgiza kai.

Na ce, shafin da gara ta ci fa?
Kowa ya mayar mini da shi a takarda.

Da dare, da tocila a baki, na zauna.
Arba'in da ɗaya, babu biyu da suka yi kama.
Ta Tasi'u layi huɗu ce, a karkace,
ƙa ba lanƙwasa, ɗa ba lanƙwasa,
kalmomi sun hau juna kamar kifi a kwando:
shekarar da ruwa ya ci shinkafa,
baba ya fita da asuba,
inna ta tsaya a gaɓa da ƙanena a baya,
har yau in ta je ɗiban ruwa takan daɗe.

Na cire murfin jan biro.
Na daɗe ina kallonsa.
Sauro ya samu abin da ya zo nema.

Washegari na riga kowa zuwa, a zatona.
Jikin allo, an jingine filafili,
tsoho, bakinsa ya cinye,
yana ɗigar da ruwa a kan siminti.